Farin Marfi Arba'in da Bakwai

Zanin gado kawai Auta ta shiga canjawa a ɗakin Baba. Tana jan katifa ƙafarta ta bugi tsohuwar jakar fatar da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu da ita. Jakar ta kife, wasu abubuwa suka watso ƙasa suna ƙara, wasu har ƙarƙashin gado.

Marafan kwalba ne. Farare tas, babu rubutu, babu tambarin kowa.

Ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da bakwai. Ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure, suka sake ba ta arba'in da bakwai.

Ba sai an faɗa mata daga inda suka fito ba. Babu kantin da ke sayar da lemo mai farin marfi. Rabon ma'aikata ne, wanda kamfanin lemo ke ba direbobinsa da masu lodi duk ƙarshen mako, an bar marfin babu tambari don kada a kai shi kasuwa. Mutum ɗaya ne tak mai irin wannan rabo da ke taka ƙofar gidansu. Shi ne ma ya fara nuna mata farin marfi, ranar da motarsa ta mutu a bakin asibitin haƙorin da take aikin ba da kati, ya shigo neman ruwan zuba wa inji, ya fita da lambar wayarta.

Dogo.

Ranar Asabar kawunninsa za su zo neman aurenta. Yau Laraba.

Ta zauna a bakin gadon, marafan zube a cinyarta, kanta ya fara haɗa abin da ba ta so ya haɗu.

Wata bakwai ke nan da likita ya ce Baba na da ciwon suga. Mutumin da abinci ba ya wuce masa sai da koriyar kwalba mai sanyi a gefen faranti, wanda in baƙo ya rage nasa shi ke shanyewa, shi aka ce wa daga yau ko ɗigo. Ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ya hana shi barci, idonsa ya fara hazo, ga wani ɗan ciwo a babban yatsan ƙafarsa da ya ƙi warkewa. Likita bai ɓoye musu ba. In suga bai sauka ba yatsan zai tafi, ƙila ƙafar ta bi shi. A ranar Yaya ya kwashe duk wani kiret da ke gidan ya fitar, ya kafa dokar ko kyauta aka kawo a mayar wa mai ita.

Duk da haka lambar da abin gwaji ke nunawa kullum da safe ta ƙi sauka. Sai mako bakwai da suka wuce ta fara yin ƙasa, har Umma ta dinga ɗaga hannu tana godiya. Mako biyu kacal aka yi ana murna. Daga nan ta sake kama hawa, jiya ta haura ɗari uku.

Kwalba ɗaya a rana, arba'in da bakwai, mako bakwai ke nan babu kwana biyu. Makonni biyun nan na murna ba su zauna daidai a lissafin ba, amma ta ture su gefe, domin wani abin da ya fi su nauyi ya faɗo mata.

Mako bakwai da suka wuce ne Baba ya fara son Dogo.

Kafin nan ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce yaron nan mai babbar mota. Yaya kuwa tun farko ya ce ba da shi ba. Ya ce ba zai ɗauki ƙanwarsa ya ba mutumin da sana'arsa raba wa jama'a ciwo a cikin kiret ba, ana zaune ga Mai Kemis, abokinsa tun ƙuruciya, mai shago biyu da gidan kansa, wanda kullum yamma yake zuwa ya duba ƙafar Baba ba a roƙe shi ba. Umma ta bi bayan Yaya. Auta ta yi kuka har ta gaji. Sai rana ɗaya Baba ya ajiye cokali ana cin abinci ya ce Dogo yaron kirki ne, ya turo magabatansa.

A lokacin ta ɗauka addu'arta ce ta ci.

Yanzu ta dubi marafan da ke cinyarta. Da wannan ya sayi bakin Baba?

*

A wurin aiki ta wuni tana ba mutane katin da ba nasu ba. Likitar haƙori, wata mace mai faɗa da ba ta raga wa kowa, tana ciki tana yi wa wata uwa tatas a kan haƙoran ɗanta da suka zama baƙi kamar an ƙona su. Uwar na rantsuwa ba ta ba shi alewa, likitar na cewa ba alewa ta tambaya ba, me yake sha, kuma in an sayo abu a dinga juya shi ana karanta bayansa, gaban na talla ne. Auta ta ji wannan huɗuba ta fi sau ɗari. Yau ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Da azahar Dogo ya kira, kamar kullum, ƙarar kwalabe na tashi a bayansa. Ya ce kawunsa babba ya sa an wanke masa rigar da ya yi shekara uku bai sa ba, ƙaramin kuma yana ta tambaya ko gidan su yarinyar akwai kare. Ya yi dariya. Da bai ji tata ba ya tsaya.

"Auta, lafiya? Muryarki kamar wadda aka cire wa haƙori."

"Kana zuwa gidanmu in ba na nan?"

Sai da ya yi gyaran murya kafin ya amsa.

Ya ce yakan tsaya ya gaida Baba in hanya ta biyo da shi, ai ba laifi ba ne mutum ya gaida surukinsa. Ya ja maganar zuwa wani wuri da sauri, yana tsokanarta wai ta fara kishi da Baba tun ba a ɗaura ba.

Ta kashe wayar tana tuna abin da ya faɗa mata da bakinsa watanni baya. Wai shi da yake shan biyar a rana a kan hanya ya rage zuwa uku, zuwa ɗaya, har ya bari, tun da ta nuna masa hoton haƙoran yaran nan. Ya nuna mata ramin bel ɗinsa da ya matsa biyu. Ya ce rabonsa na kamfani masu lodi yake bar wa.

Masu lodi. Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Washegari ta ce kanta na ciwo, ta bar aiki ƙarfe uku. Ta shiga ta ƙofar baya, ta sami Umma na barcin rana, ta laɓe bayan labulen kicin inda taga ke kallon baranda. Baba na kan kujerarsa ta roba, ƙafar a miƙe bisa matashi, rediyo a kunne, amma idonsa na kan get.

Ƙarfe huɗu daidai ta ji tsayuwar babbar mota.

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai saboda tsawonsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya zura hannu cikin rigar aikinsa ya zaro koriyar kwalba, raɓa na bin jikinta. Baba ya laluba aljihu ya fito da mabuɗi. Marfin ya yi tsalle, kwalbar ta yi tsaki. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya kai rabi, ya yi gyatsa mai tsawo, ya lumshe ido, ya ce Allah ya yi wa Dogo albarka.

Dogo ya amsa da amin, ya tsinci marfin ya miƙa masa, ya jira kwalbar ya mayar cikin riga.

Auta ta toshe bakinta da gefen labulen. Ƙafar da take wankewa da hannunta safe da yamma, ƙafar da likita ya ce ana gab da rasa ta, ita ce miƙe a gabansa, yana kallonta yana murmushi.

Ba ta yi niyyar faɗa wa kowa ba. Amma Umma ta same ta zaune a ƙasan kicin ido ya kumbura, ta ɗauka ciwon kan ne, ta taɓa goshinta, sai kawai Auta ta fashe ta zazzage mata komai, har ledar marafan. Kafin magariba labari ya kai kunnen Yaya.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya auna ledar a hannunsa ya ce gobe kada kowa ya fita, kada kuma kowa ya nuna wa Baba an sani.

*

Ranar Juma'a tun ƙarfe uku da rabi suna falo, ƙofa a sakaye. Yaya na kai da kawowa. Umma na jan carbi. Mai Kemis ya zo da farar rigarsa da turarensa mai hawa kai, ya ajiye sabon ƙunshin lemon kwali a kan tebur, irin wanda ya saba kawo wa Baba. Tun da Baba ya fara zubewa Auta ta kai masa kuka a shago, ya ce ta kwantar da hankalinta, ruwan 'ya'yan itace ne zalla, ga shi ma an rubuta a gaba ba a ƙara suga ba, ta dinga ba shi babban kofi safe da dare zai maida jiki. Ita ke zubawa da hannunta, ba ta taɓa fashi ba.

Ya matso kusa da ita ya rage murya. Ya ce shi dama ya daɗe yana zargi, amma bai so ya yi magana a ce kishi ne. Ya ce mace irinta ba ta cancanci a yi wasa da hankalinta ba. Ta kawar da kai, ta fasa kwali ɗaya ta cika kofin Baba, don dai hannunta ya sami abin yi.

Motar ta tsaya.

Suka ji buɗe get, suka ji gaisuwa. Da kwalbar ta yi tsaki Yaya ya banko ƙofa.

Baba ya yi ƙoƙarin tura ta ƙarƙashin kujera, Yaya ya riga shi. Ya ɗaga ta sama kamar ya kama ɓarawo da kaya, ya dire ta a kan ɗan teburin baranda, ya kwance ledar ya juye marafan a gefenta. Suka watsu, wasu suka gangara har gaban takalmin Dogo.

"Malam direba, ƙirga. Ko in ƙirga maka?"

Dogo ya miƙe a hankali. Ya dubi marafan, ya dubi Baba, ya dubi Auta da ke tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu. 

Yaya ya ce masa duk abin da ya zo bakinsa. Ya ce an ba shi fuska ya shigo da guba a cikin riga. Ya ce mutum ya ga tsoho da ciwo a ƙafa ya dinga ɗura masa abin da zai kai shi ɗakin tiyata don kawai a ba shi mata. Mai Kemis ya sa baki cikin murya mai sanyi, ya ce kowace kwalba irin wannan akwai suga cokali tara a ciki, a ninka sau arba'in da bakwai a gani. Umma ta fara kuka tana cewa me suka yi masa. Baba ya buga hannun kujera ya ce shi ya sa a kawo, bakinsa ne, gidansa ne, babu wanda ya haife shi a nan. Babu wanda ya saurare shi.

Yaya ya zaro waya ya nemo lambar kawun Dogo, ya ɗora yatsa a kai.

"Ka ce wani abu kafin in danna."

"Ba ni da abin cewa, Yaya."

Wannan amsar ce ta ƙarasa Auta. Ta ajiye kofin a kan tebur, ta tako har gabansa, hawaye na sauka ba ta share ba.

"Dube ni, Dogo. Shekara guda ina faɗa da gidanmu a kanka. Yaya ya daina amsa gaisuwata, Umma ta daina ci da ni. Na ce musu sana'a ce kawai, zuciyarka ba ta cikin kiret. Ranar da Baba ya ce ka turo, kwana na yi ina godiya ga Allah. Ashe da ƙafarsa ka biya."

Leɓensa ya motsa, ya sake dannewa.

"Bari in ɗanɗana abin da aka sayi aurena da shi."

Ta fizgi kwalbar. Ya miƙo hannu zai tare, ta riga ta kai baki.

Gas ya bugi hancinta. Sanyi ya sauka. Ta jira zaƙin da ta sani tun tana yarinya, bai zo ba. Ta sake kurɓa. Ruwa ne, da tsamin lemon tsami mai kama harshe, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Babu ko alamar suga.

Ta ɗago ta dube shi. Ya girgiza mata kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani, ya nuna Baba da wutsiyar ido. Roƙonta yake ta yi shiru.

Nan take ta gane abin da ya ɗaure masa baki. Baba bai sani ba. In ta yi magana, mutum ɗayan da ke bayansa a gidan nan zai san an mayar da shi yaro. In ta yi shiru, yatsan Yaya na kan waya.

"Babu suga a ciki," ta ce.

Yaya ya ce kada ta fara, kare shi ya ƙare. Ta miƙa masa kwalbar. Ya kurɓa, ya yatsine fuska, ya tofar a gefen baranda. Mai Kemis ya karɓa ya shinshina, ya ɗan lasa, ya ajiye.

Baba ya dubi Dogo.

"Ɗan nan, me kake ba ni?"

Dogo ya koma ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya faɗi komai. Ya ce mako bakwai da suka wuce ya je sauke kaya a wani ɗan kanti bayan tashar mota, ya tarar da Baba a lungu da kwalba biyu a gabansa, ɗaya babu komai. Mai kantin ya ce kullum ne, uku yake sha, wata rana huɗu, da ƙafar nan yake takowa in an ɗauka ya fita miƙe jiki. Baba ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Shi kuma ya ce ya yarda, da sharaɗin Baba ya daina zuwa kantin, zai dinga kawo masa ɗaya har gida. Ya san Baba ya cika alkawari, domin odar koriyar kwalba ta mai kantin ta ragu da kusan kiret guda a mako.

Makon farko lemo ne sosai, bai musa ba. Mako na biyu ya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ya cika da ruwan gas, wanda kamfaninsu ke yi babu suga, ya matse sabon marfi da ɗan abin matsi na hannu da suke gyara kwalaben da suka yi yoyo. Mako na uku rabi. Da Baba ya ce ɗanɗanon ya canja, ya ce masa rabon ma'aikata haka yake. Yau kwana goma sha tara ke nan babu komai a ciki sai ruwan gas da lemon tsami.

"Haka na yi wa kaina na bari, Baba. Na ga in an hana ku gaba ɗaya kantin za ku koma. Ku yafe ni."

Baba ya kawar da kai. Fuskarsa ta ɗaure, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ɗauki kwalbar ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo.

"Kwana goma sha tara ina sa maka albarka a kan ruwa."

Babu wanda ya yi gigin dariya.

Yaya ne ya sa baki, wayar har yanzu a hannunsa. Ya ce to an ji, labari ya yi daɗi. Amma abin gwaji ba ya ƙarya. In ruwa Baba ke sha, me ke kai lambar ɗari uku? Ko akwai wata kwalbar da ba a nuna musu ba?

Duk ido ya koma kan Dogo. Har Auta ta ji zargin na neman dawo mata. Tsamin nan ya ƙi barin harshenta, ga kuka ya busar mata da maƙogwaro. Ta ɗauki kofin da ta cika wa Baba ta kurɓa don ta wanke baki.

Zaƙi ya cika mata baki kamar ta lashi zuma.

Ta tsaya da kofin a hannu. Ba ta taɓa sha ba, na Baba ne, magani ta ɗauke shi. Ta shiga falo da sauri ta ɗauko kwalin, ta juya bayansa. Can ƙasa, cikin ƙananan rubutun da sai an matso da ido, ga layin suga. Ta duba yawan da ke cikin kofi ɗaya, ta tuna girman kofin Baba, ta tuna safe da dare.

Mako biyar ke nan da ta fara ba shi. Mako biyar ke nan da lambar ta fara hawa.

Ta zauna a dokin ƙofa.

"Ni ce, Yaya. Kofi ɗaya na wannan ya kai kwalba guda. Biyu nake ba shi kullum, da hannuna."

Yaya ya karɓi kwalin ya karanta, ya sake karantawa, ya juya ga abokinsa. Mai Kemis ya ce ai an rubuta ba a ƙara suga ba, kowa na iya gani. Auta ta ce ba a ƙara ba, amma wanda ke ciki fa? Ya ce shi mai sayarwa ne, ba shi ya haɗa ba, kuma mutane da yawa na saya wa marasa lafiyarsu. Yaya ya tambaye shi, shi da yake ganin lambar kullum, bai taɓa juya kwalin ba? Ya gyara wuyan farar rigarsa ya ce an bar shago babu kowa. Har ya kai get bai waigo ba. Auta ta bi bayansa da kallo, ta kasa yanke ko rashin sani ne, ko kuwa ciwon da ke kawo shi gidan kullum yamma bai taɓa damunsa ya warke ba.

Yaya ya mayar da wayar aljihu.

Baba ya kurɓi abin da ya rage a koriyar kwalbar, ya ɗan taune shi a baki kamar yau ya fara sha.

"Maƙaryaci ne kai," ya ce wa Dogo. "Kawunnanka su zo da wuri, ba na son jira. Gobe kuma ka rage tsamin nan, ya yi yawa."

Umma ta share ido da bakin mayafi, ta hau ba Dogo haƙuri. Ta ce sharrin shaiɗan ne, su ma ba su san komai ba, da 'yar nan ba ta tsinto marafan ta laɓe a kicin jiya ta gan shi ba, da babu wanda zai zarge shi.

Dogo yana tsince marafan da suka zube. Hannunsa ya tsaya.

Bai ɗago da sauri ba. Ya ƙarasa tsince su, ya zuba a leda, ya ajiye a gefen Baba, ya yi sallama da kowa cikin ladabi. Ita kaɗai bai kalla ba.

*

Ta same shi ya riga ya hau mota. Ta kama ƙarfen madubi ta tsaya a kan matakala, kwalabe na kaɗawa a baya.

Ta ce ya tsaya ya saurare ta. Ta ce tsoro ne, ƙafar Baba ce, duk wanda ya ga abin da ta gani haka zai ɗauka. Ta ce ta san ta yi laifi, laifinta ma ya fi na kowa, ita da ke zaune kullum inda ake cewa a juya kwali. Magana na fita kuka na katse ta.

Ya bar ta ta gama, hannunsa biyu a kan sitiyari.

"Na ɗauka Yaya ne ya binciko. Shi ba zai dame ni ba, bai taɓa cewa ya yarda da ni ba." Ya juyo ya dube ta, idonsa ya yi ja. "Na kira ki ranar Laraba marafan na cikin jakarki. Kin tambaye ni ko ina zuwa. Me ya hana ki tambaye ni me nake kawowa?"

"Da za ka faɗa min?"

"Na rantse wa Baba ba zan faɗi zancen kanti ba. Ban rantse zan hana ki ɗanɗana ba. Da kin ce min Dogo me ke ciki, da na miƙo miki kwalbar tun ranar, mu biyu, babu Yaya, babu mai farar riga."

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Kwana biyu kina kallona a matsayin wanda zai gutsure ƙafar mahaifinki don ya aure ki. Kuma kin iya kwana da wannan."

"Ban yi barci ba, Dogo."

"Amma kin yarda."

Ya murɗa makulli, injin ya kama, motar ta ɗauki rawa har cikin hannunta. Ta tambaye shi gobe fa, kawunninsa za su zo? Ya ce akwai sauran kanti shida da bai sauke wa kaya ba, rana na faɗuwa, ta sauka kada ta faɗi.

Ba ta sauka ba. Ta ƙara riƙe ƙarfen da hannu biyu.

Wayarsa da ke kan kujerar gefe ta fara ƙara. Daga inda take tana iya karanta sunan da ke haskawa, kawunsa babba ne, mai wankakkiyar riga. Ta yi ta ƙara har ta katse, ta sake kamawa.

Dogo ya dubi wayar, ya dubi hannuwan Auta a kan ƙarfen madubi. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya kai kunne.

"Kawu," ya ce, "game da zancen gobe ne. Baba ya ce ku zo da wuri, ba ya son jira."